Gahawar da Ta Huce a Majalisin Alhaji Maikuɗi

Takalma ne a cikin ledar.

Jamilatu ta tsaya a tsakiyar ɗakinta, ko abaya ba ta cire ba, tana jujjuya su a hannu. Baƙaƙe ne marasa nauyi, ƙasansu fata ce mai laushi da ba ta taɓa taka kwalta ba. Da safe ne Nu'uman ya miƙo mata ledar a makarantar yara ta Al-Shifa da ke Riyad, inda take koyar da 'yan ƙaramin aji, shi kuma yake zuwa koya musu fiyano. Ko ido bai yarda sun haɗa ba.

"Ki ajiye mini," ya ce kawai, ya wuce.

Ta san takalman sarai. Da su yake buga ogan, ƙaton abin kiɗan nan mai dogayen bututu, wanda yatsu ke taɓawa a sama, ƙafafu kuma suna taka nasu maɓallan a ƙasa. Mutumin da ko abokin ɗakinsa bai yarda ya taɓa masa su ba, yau shi ne ya ƙunshe su a ledar kanti kamar ragowar burodi.

"Jamila! Ki fito ki daka mini hel na ƙamshin gahawa, Abbanki yana da baƙi bayan la'asar."

Hajiya Rabi'atu ce ta turo ƙofa, fuskarta cike da fara'ar da rabon Jamilatu da ta gan ta tun kafin azumi.

"Su wane ne, Umma?"

"Mutumin naki ne, shi da waliyyinsa Malam Inuwa. Ki gode wa Allah, yarinya, Abbanki ya sauko."

"Ya sauko? Abba?"

"Da sharaɗi ɗaya tak. Yaron zai dafa Alƙur'ani ya rantse ya bar kiɗa har abada. Abbanki ya riga ya yi magana da kafil ɗinsa, uban gidan da ya kawo shi ƙasar, za a mayar da iƙamar yaron, takardar zamansa, wurin Abbanki, ya riƙa ja musu motar kaya. Ga sana'a ta mutunci, ga aure. Me kike nema kuma?"

"Shi Nu'uman ɗin ya yarda?"

"Shi ya aiko ya ce ya yarda."

Jamilatu ta zauna a bakin gado.

Alhaji Maikuɗi mutumin Kano ne, amma ya fi shekara talatin a Riyad yana sayar wa 'yan Afirka atamfa da turare da kayan miya a unguwar Manfuha. Babu abin Larabawa da bai ɗauka ba. Tob, doguwar rigarsu, yake sawa, kabsa, dafa-dukarsu, yake ci, in ransa ya ɓaci ma da Larabci yake faɗa. Abu ɗaya ne ya ɗauko daga gida ya ƙi saukewa: a wurinsa duk wanda ya taɓa abin kiɗa maroƙi ne, shi kuwa zuri'arsu ba ta haɗa jini da maroƙa. An yi masa bayani har an gaji. An ce yaron nan karatun abin ya yi a Legas, takardunsa har daga Ingila aka sa musu hannu, rubutaccen kiɗa yake karantawa kamar yadda ake karanta jarida. Alhaji ya ce ko daga sama aka sa hannun, makaɗi makaɗi ne.

Ana cikin haka sai Mustapha ya ƙara wa wutar fetur. Ɗan ƙanwar Alhaji ne, shi ke tsare masa shago, kuma tun Jamilatu tana sakandare yake kallonta kamar kayan da aka ajiye masa a sito. Shi ya tono wani tsohon bidiyo ya kai wa kawunsa, ga Nu'uman a cikin coci a Wusasa, zaune a gaban ogan, jama'a suna waƙa. Bai gaya wa Alhaji cewa jana'izar Baba Ishaya ake yi ba, tsohon da ya ga Nu'uman, ɗan kafinta Musulmi, yana leƙe ta taga yayin da ubansa ke gyaran benci, ya kira shi ya zaunar da shi, ya koyar da shi kyauta har ya girma. Wannan ɓangaren bai yi wa Mustapha amfani ba, sai ya bar shi.

Umma na fita, Jamilatu ta jawo waya ta kira Nu'uman. Sai da ta kusa tsinkewa ya ɗauka.

"Nu'uman, takalman mene ne ka ba ni?"

"Kin ji ke nan."

"A bakin Umma na ji. Ni da za a yi abin domina, ni ce ta ƙarshen ji."

"Jamila, ki saurare ni..."

"Ina katakonka?"

"Na mayar wa kafintan nan na unguwar Gubaira. Ya ce zai yi benci da shi."

Hawayen da take riƙewa suka zubo. Katakon nan ta san tarihinsa. Lokacin da Nu'uman ya sauka Riyad da bizar direba, ya duba gabas da yamma bai ga ogan ba, sai ya zana maɓallan ƙafa a takarda ya kai wa wani kafinta ya sassaƙa masa. Ba su da sauti ko kaɗan. Kullum ya dawo daga sallar asuba sai ya sa takalman nan ya zauna yana taka su, abokan ɗakinsa suna tsokanarsa wai ga direba yana taka birki babu mota. Shi dai ya ce a kansa yake jin kiɗan, kuma in ya bari ƙafafun suka manta, to shi ma ya manta kansa.

"Benci," ta maimaita. "Ka ba da shi a yi benci."

"Shekara nawa ina taka katakon da ba ya magana? Ni dai ban ga ogan a garin nan ba, kuma ban san ranar da zan sake gani ba. Ke kuwa ga ki, kina numfashi, kina amsa mini in na kira. Wanne mai hankali zai zaɓa?"

"Sabuwar makarantar kiɗan da aka buɗe bana fa? Ba kai suka kira ka zama malaminsu ba? Ba kai ka zo kana rawar jiki kana ce mini ƙasar ta canza, yanzu ba sai ka koyar a ɓoye a falon mutane ba?"

"Ranar Lahadi zan ce su nemi wani."

"Baba Ishaya fa?"

"Ya rasu, Jamila. Ba zai sani ba."

"Kai za ka sani. Ni ma zan sani." Ta share fuska da bakin mayafi. "Ka ɗauka ban lura ba? Ko a taron malamai ƙafafunka ba sa zama, suna ta tafiya a ƙarƙashin tebur. In ka rantse, kullum ka dawo daga dakon buhunan Abba ka zauna cin abinci, za su motsa, ka kama su ka danne, sannan ka ɗago ka kalle ni. Ba za ka ce komai ba, na san halinka. Amma wannan kallon ne ba zan iya zama da shi ba."

"Wallahi ba zan taɓa yi miki gori ba."

"Na sani. Shi ya sa abin zai fi ciwo."

"To ya kike so in yi? In zuba ido Mustapha ya ɗauke ki?"

"Ni buhun shinkafa ce da za a ɗauka? Kada ka zo, Nu'uman."

"Mun riga mun shiga mota. Ki yafe mini, ina son ki fiye da yadda nake son kaina."

Ya kashe wayar. Ta yi jifa da ita kan gado, ta kifa kai ta yi kuka mai isarta. Haushinsa take ji, tausayinsa take ji, kuma ba ta taɓa son sa kamar yau ba. Da ta gama ta tashi ta wanke fuska, ta je kicin ta daka hel ɗin kamar yadda aka sa ta. Tana cikin dakan ne dabara ta faɗo mata, har sai da ta tsaya da taɓaryar a hannu.

Akwai wata al'ada da Alhaji ya koya wurin dattawan Larabawan yankin Najd, yake kuma taƙama da ita fiye da su. In baƙo ya zo da buƙata, aka zuba masa gahawa, sai ya ajiye finjalin, ɗan kofin gahawar, a ƙasa ya ƙi sha. Mai gida ya tambaye shi abin da ke tafe da shi. In zai biya masa, sai ya ce, "Sha gahawarka." In kuwa gahawa ta huce a gaban baƙo, to abin kunya ne da za a daɗe ana faɗa. Duk 'yan Najeriya da 'yan Nijar na Manfuha sun san kirarin da Alhaji yake yi wa kansa, cewa gahawa ba ta taɓa hucewa a majalisinsa ba. Ya sasanta masu faɗa, ya fito da waɗanda aka tsare, ya sallami gawa zuwa gida, duk a kan finjalin nan. Jamilatu a Riyad aka haife ta, ta bayan labule ta girma tana kallon wannan.

Bayan la'asar ta ji sallamarsu. Ta laɓe a jikin ƙofar da ta raba majalisi da cikin gida, tana leƙe ta kafar labule.

Alhaji yana kishingiɗe a kan matashi. Mustapha ne riƙe da butar gahawa a hagu, finjalai a dama, sai wani murmushi yake yi kamar an yi masa albishir da Hajji. Ya zuba wa Malam Inuwa, ya zuba wa Nu'uman. Duk suka ajiye a kan darduma ba su sha ba.

Nu'uman ya rame. Ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashin farar rigarsa, ya ɗora tafukansa a kan gwiwoyi ya danne.

"Malam Inuwa, na ga ba ku sha ba," in ji Alhaji.

"Alhaji, muna tafe da buƙata. Muna nema wa ɗanmu Nu'uman auren 'yarka Jamilatu."

"Kun san sharaɗina." Alhaji ya juya. "Kai, yaro, kana da alwala?"

"Ina da ita, Alhaji."

"Mustapha, ɗauko Mus'hafi."

Jamilatu ba ta jira ta ga ƙari ba. Ta koma ɗaki ta zura abaya, ta ɗaura niƙabi, ta ɗauki ledar takalman. Umma ta hango ta daga kicin.

"Ke, ina za ki?"

"Baƙunta, Umma."

Ta fita ta ƙofar mata zuwa titi, ta zagaya, ta tsaya a ƙofar maza wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa shiga ta nan ba. Ta fito da baƙaƙen takalman ta jera su kusa da silifas ɗin Nu'uman. Ta cire nata. Ta ƙwanƙwasa da ƙarfi.

"Assalamu alaikum."

Mustapha ya riga ya ɗora Alƙur'anin a kan matashi a gaban Nu'uman, shi kuma hannunsa na dama yana sama, saura kaɗan ya sauka. Ta wuce ta zauna a can gefe inda baƙi ke zama.

"Jamilatu!" Alhaji ya miƙe zaune. "Lafiyarki ƙalau? Tashi ki shiga gida!"

"Ta ƙofar baƙi na shigo, Abba." Ta juya ga mai buta. "Yaya Mustapha, ba a zuba wa baƙo gahawa a gidan nan?"

Mustapha ya kalli kawunsa, ya kalli Malam Inuwa. A gaban baƙi Alhaji ba zai ce a hana wanda ya yi sallama gahawa ba, ko da kuwa 'yar cikinsa ce. Ya ɗaga wa Mustapha kai da ƙyar. Aka zuba, aka miƙo mata. Ta karɓa da hannun dama, ta ajiye a kan darduma, ta janye hannunta.

Malam Inuwa ya sunkuyar da kai yana salati a hankali.

"Ni za ki yi wa wannan?" Muryar Alhaji ta yi ƙasa, abin da ya fi tsawarsa ban tsoro. "A majalisina?"

"A wurinka na koya, Abba. Ban san wani majalisin ba."

"Kin ga an kusa ba ki abin da kike so, me kuma ya rage? Faɗi."

"Kada ka karɓi rantsuwar nan."

"Jamila, don Allah," in ji Nu'uman.

"Kai ka yi shiru, ba da kai nake ba." Ko kallonsa ba ta yi ba, don ta san in ta kalle shi kuka zai ƙwace mata. "Abba, ban zo in ce ka ba shi ni ba. Wannan hukuncinka ne, kuma ba zan taɓa fita daga gidanka ba da yawunka ba. Abin da na zo roƙo ɗaya ne, kada a sa bawan Allah nan ya dafa littafin Allah ya yanke hannuwansa da ƙafafunsa saboda ni."

"Wa ya ce zai yanke masa hannu? Sana'ar banza na ce ya bari!"

"Da sana'ar banzan ya gina wa mahaifiyarsa ɗaki a Zariya. Bai taɓa tsayawa a ƙofar kowa ya yi masa kirari don a ba shi ba. Yara yake koyarwa, Abba, kamar yadda nake koyarwa."

"A coci fa aka gan shi, Kawu," Mustapha ya cusa baki. "Kowa ya ga bidiyon."

Sai a lokacin ta juyo, idanunta kaɗai ake gani, amma sun ishe shi. "Malaminsa ya rasu ya je ya yi masa sallama da abin da ya koya masa. Ka san haka, ka ɓoye. Tun da ya zo unguwar nan a sahun gaba yake sallar asuba, kai da kake shigowa ana tahiya ai ka fi kowa ganin ƙeyarsa. Kuma bari in hutar da kai, Yaya Mustapha. Ko Nu'uman ya bar ƙasar nan gobe, ni ba matarka ba ce."

Mustapha ya ajiye butar.

"In ya rantse fa?" in ji Alhaji. "In na ƙi jin roƙonki, ya dafa ya rantse?"

"To ka ba shi wata. Ni ba zan aure shi ba." Hawaye suka jiƙa niƙabin. "Mutumin da nake so shi ne wanda ya shigo ɗazu. Wanda zai tashi bayan rantsuwar ban san shi ba."

Nu'uman ya ɗago ya kalle ta. A hankali ya janye hannunsa daga saman Alƙur'anin, ya mayar kan gwiwa.

Alhaji ya dubi finjalin da ke gabanta. Tururin ya fara raguwa. Ya dubi Malam Inuwa, wanda ya san kafin isha labarin nan ya gama zaga Manfuha. Jijiyar goshinsa ta tashi. Jamilatu ta san ta saka mahaifinta a tsaka mai wuya, kuma abin ya yi mata zafi, don tana ƙaunarsa. Amma ba ta miƙa hannu ba.

"Kin san abin da kike saya?" ya ce. "In babu rantsuwa, babu aure. Ban canza ba. Ba zan ba makaɗi 'yata ba."

"Na sani, Abba."

"Ko za ki tsufa a ɗakinki?"

"Ko zan tsufa a ɗakina."

Ya yi dogon numfashi, ya kawar da kai. "Mustapha, mayar da Mus'hafin. Ke kuma, sha gahawarki."

Ta ɗaga gefen niƙabi ta shanye. Ɗaci ne da ita, ga ɗumi kaɗan da ya rage. Ta girgiza finjalin alamar ta ƙoshi, ta ajiye.

Malam Inuwa ya gyara murya. "To, Alhaji, tunda abin ya zama haka, mu za mu koma. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Ya ɗauki finjalinsa ya kurɓa don kada a rabu da ɓacin rai, ya taɓa Nu'uman. "Sha, mu tafi."

Nu'uman bai motsa ba. Jamilatu ta saci kallonsa, sai ta ga yatsun ƙafarsa sun leƙo daga ƙarƙashin riga suna tafiya a kan darduma, dunduniya da yatsa, dunduniya da yatsa. Wannan karon bai danne su ba.

"Alhaji, ka gafarce ni," ya ce. "Na zo da niyyar in ba ka abin da bai kamata in bayar ba, 'yarka ta fi ni sanin darajarsa. Ranar Lahadi zan karɓi aikin koyarwar nan. Ni malamin kiɗa ne, haka zan rayu, haka kuma nake neman Jamilatu. Buƙatata tana nan, ban janye ba."

Ya miƙe, ya durƙusa ya gaishe da Alhaji, ya bar finjalinsa cike a inda yake.

A bakin ƙofa ya tsaya cak. Jamilatu tana hango shi ya sunkuya, ya ɗauki baƙaƙen takalman, ya share ƙurar da ta hau su da hannun rigarsa, ya rungume su a ƙirji. Bai waiwayo ba, amma ta ga kafaɗunsa suna rawa. Ƙofar ta rufe.

Majalisin ya rage su uku. Alhaji ya ƙura wa finjalin ido. Babu sauran tururi. Shekara talatin da wani abu, yau gahawa ta huce a gabansa, kuma ta makaɗi ce.

Mustapha ya matso da sauri. "Bari in zubar da ita, Kawu, in wanke. Ai babu wanda zai ce..."

Ya miƙa hannu ke nan Alhaji ya buge shi.

"Wa ya aike ka?"

"Kawu, ai ta huce."

"Na ga ta huce, ba makaho ba ne ni." Alhaji ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya nufi ƙofar cikin gida. Da ya zo daidai inda Jamilatu take zaune ya tsaya, bai kalle ta ba. "Ke, ki gaya wa uwarki in an zo shara a zagaye finjalin nan. Kada wanda ya taɓa shi. Mai shi bai sha ba tukuna."